Daga Kano zuwa Kumasi: Yadda Mutanen Gana ke Kallon Baƙo Mai Jari

Na tashi daga Kano a ƙarshen daminar 2025 da niyyar duba kasuwar kayan gyaran mota ta Suame a Kumasi, in kuma gano ko akwai hanyar da ɗan kasuwa daga Najeriya zai zuba kuɗinsa a can ba tare da ya faɗa rigima ba. Mai bin ƙasa zai tanadi fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara, don babu iyakar da ba a tambayarsa. Motar dare ce ta sauke mu a Legas.

A Mile 2 ana samun motocin da ke zarcewa Akara, akwai kuma masu tsayawa a Seme. Gara a yanka tafiyar gunduwa-gunduwa. Ya fi araha, kuma in aka tsare mota saboda kayan wani fasinja ba za ka kwana tare da ita ba. Iyakoki uku ne: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao wadda ke manne da birnin Lome. Kowace tana da hatimin fita da na shiga, shida ke nan kafin ka taka Gana. A ƙa'ida ɗan ECOWAS yana da kwana 90 babu biza kuma ba ya biyan komai. A aikace, wanda fasfonsa sabo ne, ba a taɓa buga masa hatimi ba, shi aka fi matsa wa. 'Yan canji a duk iyakokin nan galibi Hausawa ne da Zabarmawa, amma kada a canza kuɗi da yawa a bakin iyaka, farashin cikin gari ya fi. A lokacin sidi ɗaya, kuɗin Gana, ya haura naira 120, domin sidin ya yi ƙarfi a wannan shekarar: a watan Afrilu ana sayen dala a kan sidi 15 da ɗoriya, kafin ƙarshen Yuni ta sauko kusan 10.

Daga Aflao zuwa Akara tafiyar awa uku zuwa huɗu ce, ana tsallake kogin Volta a Sogakope. Da muka iso gadar sama ta Tema, direbanmu, wanda yake jin Hausa daidai gwargwado, ya ce wannan Japanawa ne suka yi, kuma kyauta ce. Daga nan bai bar wani babban aiki ya wuce ba tare da ya faɗi mai shi ba. Titin Tema zuwa Akara na zamanin Kwame Nkrumah ne, 1965. Babban titin da ake kira George Bush tallafin Amurka ne, an buɗe shi a 2012. Gadar shataletalen Circle da ke Akara kamfanin Burazil ne ya gina, aka gama a 2016, da bashi. Fadar shugaban ƙasa da rancen Indiya aka yi ta, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa kuma Sinawa suka gina a 1992. Abin da na lura shi ne, da ya ambaci ƙasa sai ya biyo da kalma ɗaya cikin biyu, kyauta ko bashi. Na ci gaba da jin wannan rabe-raben a bakin mai shayi, mai sayar da waya da malamin makaranta. A gida mukan tambayi wane gwamna ya yi aiki. A Gana talaka yana tambayar wa zai biya.

Akwai dalili. A watan Disamba na 2022 gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari, aka kuma sauya sharuɗɗan takardun bashin cikin gida, har tsofaffi 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi. A watan Mayu na 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3. Wanda ya ga ajiyarsa ta narke a waɗannan watannin ba ya kallon sabuwar gada ba tare da ya yi lissafi ba.

Na sauka a unguwar Nima ta Akara. A lokacin ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki yana kamawa daga sidi 150 zuwa 200. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa da ake dafawa da karan dafi, a sa taliya, gari, ƙwai da baƙin yaji mai kifi, kusan sidi 25 zuwa 30 in ba a cika nama ba. Ba ka buƙatar wani yare ban da Hausa daga Nima har Mamobi.

Da dare na zauna a wata majalisar samari masu dafa shayi, aka shiga zancen Ibrahim Traore na Burkina Faso. Sun tuna min cewa ranar 7 ga Janairu 2025, da aka rantsar da John Mahama, babu baƙon da filin taro ya yi wa shewa kamarsa. A ganinsu shi ne ya nuna cewa ana iya ce wa Bature ya tattara. Sun kawo yarjejeniyar tsaro da Amurka ta 2018, wadda aka yi wa zanga-zanga a Akara, sun kawo koko da Gana ke nomawa a kai Turai a mayar da shi cakulan a dawo musu da shi da tsada. Wani dattijo da ke gefe a kan kujerar roba ya bari sun gama, sannan ya ce: "Yarana, ni na ga masana'antun gwamnati na zamanin Nkrumah, na ga kuma ranar da aka sayar da su. Korar baƙo ba ta da wuya, mun taɓa yi. Ku nuna min wanda zai kunna injin washegari." Wani saurayi ya amsa cikin ladabi: "Baba, ai ba a taɓa bari mun gwada da gaske ba." Ba su daidaita ba, ni ma ban ga an ƙure ɗayansu ba.

Juma'a na yi ta a Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina da kuɗin Turkiyya a kan fasalin masallatan Istanbul, aka buɗe a watan Yuli na 2021. Ban ji wanda ya soki wannan aikin ba. Wani malami da muka fito tare ya ce mutanen zango, wato mazauna unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, suna maraba da rijiya, asibiti da gurbin karatu daga Turkiyya, ƙasashen Larabawa ko Iran, amma dattawa suna sa ido, domin kuɗin waje yakan zo da littattafansa da malamansa, kuma unguwar da ta saba salla a sahu ɗaya tana iya wayar gari da masallatai uku da ba sa gaisawa. Ya ce zaman lafiyar da ake gani a ƙarƙashin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usmanu Nuhu Sharubutu, ba abin da za a sayar ba ne a kan kuɗin gini.

Motocin Kumasi manya masu sanyi a Circle suke lodi, kuɗin kujera a lokacin wajen sidi 150. Nisan kimanin kilomita 250 ne, amma a ware awa biyar zuwa shida saboda aikin titi tsakanin Ofankor da Nsawam. An wuce gadar Pokuase mai hawa huɗu, wadda Bankin Raya Afirka ya ba da rancenta, kamfanin Sin ya gina, aka buɗe a 2021. Sai Suhum, sai wurin hutawa a Bunso. A Anyinam aka tsallake kogin Birim, kuma a nan motar ta yi tsit na ɗan lokaci kafin kowa ya fara magana a lokaci guda. Ruwan ya yi kauri, launinsa kamar shayin da aka cika wa madara. Matar da ke kusa da ni ta ce tana yarinya a kogin nan suke wanki suna ganin ƙafarsu a ƙasa. Sunan da kowa ke kira shi ne galamse, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Zan dawo kansa.

Mun shiga Kumasi ta Konongo da Ejisu, aka sauke mu a Asafo. Na hau a-daidaita-sahu, wadda su ke kira faragiya, zuwa Aboabo, inda wani Alhaji da aka haɗa ni da shi daga Kano ya ba ni masauki. Tuwon zafi da miyar ayoyo aka kawo da dare.

Wanda zai fahimci ra'ayin Bahaushen Kumasi game da baƙi sai ya tuna cewa kakanninsa suna cikin baƙi masu jari na farko a wannan yankin. Fataken goro sun daɗe suna zuwa Gwanja da kanwa, tufafi da fata, su ɗauki goron ƙasar Asante a kasuwar Salaga. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsu zuwa Kete Krachi, Kintampo da Akara, bayan Ingilishi sun kama Kumasi a 1896 kuma zangon garin ya cika. Alhassan Ɗantata kansa a cinikin goro tsakanin wannan ƙasa da Legas ta jirgin ruwa ya kafa dukiyarsa. Sai kuma Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Alhajin ya ce a layinsu akwai gidajen da aka sayar a kan kuɗin mota, akwai kuma waɗanda aka haifa a Kumasi aka kai su ƙasar da ba su san kowa ba. A 1983 Najeriya ta yi irin nata, ta kori 'yan Gana kusan miliyan guda. "Malam," in ji shi, "duk ranar da ka ji an fara kirari a kan baƙi, mu mutanen zango ba ma tafi, ko da da wani ake. Har yau yaro mai suna irin namu in ya je neman takardar ɗan ƙasa sai an tambaye shi garin kakansa."

Kasuwar Kejetia ta ba ni mamaki. Kashi na farko na sabon ginin, wanda kamfanin Contracta na Burazil ya yi, yana da shaguna fiye da 8,000, da tashar mota a ƙasa, ga wuta da banɗaki. Ba mu da irinta a Kano. Amma a gefenta ga kashi na biyu, wanda aka fara a 2019 da rancen da Birtaniya ta tsaya wa, na yuro miliyan 248. An tashi 'yan tsohuwar babbar kasuwa aka rushe rumfunansu, aka kafa ƙarafa, sai matsalar bashin 2022 ta zo, kuɗi ya daina fitowa, aiki ya tsaya. Matan da aka mayar wasu wurare na wucin gadi da yawa sun dawo bakin titi suna kasa kaya a kan tire. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce ita ba ta da faɗa da 'yan Burazil, aikinsu mai kyau ne. Faɗanta da wanda ya rushe mata rumfa alhali kuɗin ginin yana hannun wani a wata ƙasa. A rumfarta ta nuna min turmi biyu masu zane iri ɗaya, ɗaya na masaƙar Gana, ɗaya kwaikwayo daga Sin a kan ƙasa da rabin kuɗin. Ta ce zuciyarta tana tare da na gida, amma na Sin ne ke ciyar da 'ya'yanta. Wanda ya san abin da ya sami masaƙun Kaduna da na Sharaɗa da Challawa ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Suame kuwa gari ne guda na makanikai, masu walda, masu juya ƙarfe da masu sayar da kayan gyara, dubun-dubatarsu. A nan ne maganar baƙo ta fi zafi, kuma baƙon da ake nufi ba Bature ba ne, ba Basine ba ne, ɗan Najeriya ne. Tushen rigimar dokar zuba jari ce ta 2013, mai lamba 865. Ta ce baƙon da zai haɗa gwiwa da ɗan Gana, wanda zai riƙe aƙalla kashi 10 cikin ɗari, sai ya kawo dala 200,000. In kamfanin nasa ne shi kaɗai, dala 500,000. In kuwa saye da sayarwa zai yi, sai dala miliyan 1, kuɗi ko kaya, ya kuma ɗauki ƙwararrun 'yan Gana aƙalla 20 aiki. Sashe na 27 ya keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai: ciniki a cikin kasuwa ko rumfa, talla, aski da gyaran gashi, ruwan leda, sayar da magani ɗai-ɗai, littattafan rubutu na makaranta, da tasi in motocin ba su kai 25 ba. A lokacin dala miliyan 1 ta haura naira biliyan 1.4. Mai shagon fulogi da bel ba shi da wannan, don haka a idon doka kusan duk ƙaramin ɗan kasuwar Najeriya a Suame mai laifi ne. Su kuma suna riƙe da yarjejeniyar ECOWAS da ta ba ɗan yankin damar zama da kafa sana'a. A kan wannan saɓanin aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame a watan Yuni na 2019, ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta matsa aka yi ta sa kwaɗo a shaguna a Akara, har Femi Gbajabiamila, kakakin majalisar wakilan Najeriya a lokacin, ya je Akara a watan Satumba na 2020 don sasanci.

Ra'ayi uku na ji a layi ɗaya. Mai shago ɗan Asante ya ce shi da rancen banki yake shigo da kaya, ruwan da a shekarun nan ya kai kashi 30 cikin ɗari, kayan su kwana a tashar Tema ya biya kuɗin fito cikakke. Maƙwabcinsa ɗan Najeriya kuma yana ɗauko nasa daga kasuwannin Ladipo ko Nnewi ta mota, ya ci riba kaɗan, ya juya kuɗin sau uku kafin shi ya juya sau ɗaya, sannan ya je wurin mai gida ya biya hayar shekara biyar a dunƙule, haya ta tashi wa kowa. Makanike, wanda yaransa ke kira Masta, ya ce shi ranar da aka rufe shagunan nan aikinsa ne ya tsaya, domin a nan yake samun kaya da araha, a ba shi bashi har mai mota ya biya. Mai ginin kuma bai ce komai ba sai cewa wanda ya biya shi ne ɗan haya. Ƙorafin mai shagon gaskiya ne, ban raina shi ba. A 2012 an kama 'yan kasuwar Sin 45 a Kantin Kwari a kan irin wannan ƙorafin, mu ma muka ce sun bar sari sun shigo mana ɗai-ɗai. Abin da ya dame ni shi ne dokar ba ta taɓa babban kanti mai rassa a ko'ina, domin shi yana da miliyan ɗin. Ƙaramin maƙwabci kawai take kamawa.

Hanyar da mutane ke bi su zagaye dokar ita ce aron suna: a yi rajistar shago da sunan ɗan Gana, ko matar da aka aura a can, baƙo ya zauna a matsayin yaron shago. Ina gargaɗin duk mai wannan tunanin. A takarda dukiyar ta mai sunan ce. In kun ɓata, ko ya rasu magada suka zo, ba ka da abin nunawa a kotu, domin yarjejeniyar taku ita kanta saɓa doka ce. An ba ni labarin irin wannan asarar fiye da sau ɗaya a Suame.

Daga nan na bi hanyar Obuasi, wajen kilomita 60 kudu da Kumasi, na zarce Dunkwa a bakin kogin Offin tare da wani ɗan zango da ya taɓa sayen zinariya a yankin. A kan wannan hanyar ce, a dajin Adansi, jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi ranar 6 ga Agusta 2025 da mutum takwas, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, suna kan hanyar taro a kan gyara harkar haƙar ma'adinai. Mutane suna ta maganar har lokacin.

Ga yadda aikin yake. Dokar ma'adinai ta 2006 ta keɓe ƙaramar haƙa ga 'yan Gana, fili bai wuce eka 25 ba. Da can da diga, shebur da kwano ake yi, ɓarnar ba ta da yawa. Daga wajen 2008 Sinawa suka fara shigowa, yawancinsu daga gundumar Shanglin ta lardin Guangxi, inda suka gaji wannan sana'ar. Sun zo da katafila mai tono, da wani inji da ake kira canfan. Ɗan ƙasa ne ke samo lasisi ko ya shirya da mai gona da mai unguwa, Basine ya kawo inji da mai, a raba abin da aka samu. Katafila tana kwashe gonar koko da ƙasar sama har ta kai tsakuwar da zinariya ke ciki. A zuba tsakuwar a kan wani dogon allo mai gangare da aka shimfiɗa wa bargo ko kafet, famfo yana kwarara ruwa, zinariya mai nauyi ta maƙale a bargon, laka ta koma kogi. A kan ruwa kuwa, ana ɗora canfan a kan dandamalin durom-durom, bututu yana zuƙo ƙasan kogin kai tsaye. Baƙin yashin da aka wanke daga bargo a murza shi da zaiba, ta haɗe zinariyar ta zama curi, a ƙona curin zaibar ta tashi hayaƙi, mai ƙonawa ya shaƙa, saura ya sauka a ruwa da kifi. Ramin ba a cikewa. Damina ta cika shi, yara da dabbobi su faɗa. Gidajen tace ruwan famfo da ke jan ruwa daga Pra, Offin da Birim suna zuba alif ninkin-ba-ninkin, laka tana kashe musu famfuna, wani lokaci su rufe gaba ɗaya.

A 2013 gwamnati ta kori Sinawa fiye da 4,500. Aisha Huang, wadda ta fi kowa suna a harkar, an kama ta a 2017, aka mayar da ita ƙasarsu a 2018 ba tare da an gama shari'a ba, ta dawo, aka sake kama ta a 2022, a Disamba 2023 aka ɗaure ta shekara huɗu da rabi. Daga Mayu 2025 an hana baƙi sayen zinariya a kasuwar cikin gida, aka damƙa cinikin a hannun sabuwar hukumar GoldBod. Duk da haka daga kan gadar Dunkwa ana hango injuna suna aiki da rana tsaka, kuma waɗanda ke kansu 'yan ƙasa ne. A lokacin canfan a Gana ake ƙera dandamalinsa, masu walda sun iya.

Na ɗauka zan tarar da ƙiyayyar Sinawa tsantsa, sai na tarar abin ya fi haka sarƙaƙiya. Wani manomin koko ya ce: "Basine bai san hanyar gonata ba. Wani ne ya riƙo hannunsa ya kawo shi, kuma wannan wanin muna haɗuwa da shi a wurin jana'iza." Wani saurayi mai aikin rami ya ce abin da yake samu a mako bai taɓa samunsa a wata ba a gona, in an ba shi wani aikin gobe zai fito. Har manyan kamfanonin da ke da lasisi ba su tsira ba: a Obuasi ana haƙar zinariya tun 1897, kuma samarin garin suna tambayar me ya sa filin yake a killace su suna zaune babu aiki. Gana ce kan gaba a haƙo zinariya a Afirka, kuma a ƙauyukan da ke bakin waɗannan kogunan ruwan leda ake saye a dafa abinci. Wannan ya tsaya min a rai, domin abin da ke faruwa a Zamfara da Neja bai yi nisa da shi ba, kuma mun riga mun ga yadda gubar dalma ta kashe yara a Zamfara a 2010.

Kafin in bar Kumasi Alhaji ya kai ni kasuwar albasa ta Kwadaso. Tireloli ne daga Nijar, da albasar Galmi, kuma masu kayan baƙi ne tsantsa, amma ba a cika jin an sa musu kwaɗo ba. Tsarin shi ne na zamanin goro. Mai kaya yana sauka a wurin maigidansa, ɗan zango mai takardar ƙasa. Maigida ya ba shi makwanci, ya nemo masu saye, ya tsaya wa bashin da aka ba matan kasuwa, ya karɓi la'adarsa a kan kowane buhu. Baƙo yana sayar da buhu, ba ya kasa tire. Ɗai-ɗai na matan gari ne. 'Yan dako, masu a-kori-kura da masu abinci duk suna ci a ciki. Rigima takan tashi a kan layin sauke kaya ko farashi, musamman tun da juyin mulkin Nijar na 2023 ya rufe hanyar Benin motoci suka koma bi ta Burkina, amma shugabannin kasuwa da fadar Sarkin Zango sukan kashe ta.

Don haka ga mai son shiga kasuwar Gana da ƙaramin jari, shawarata ita ce ya tsaya a sari, ya kawo abin da ba su da shi, ya nemi maigida da aka sani ta hannun mutanen da suka daɗe suna hulɗa, ya rubuta kowane bashi a gaban shaidu. Kada ya kama shago a cikin kasuwa. In zai wuce kwana 90 ya nemi izinin zama da katin shaida na baƙi, wanda ake biyan dala 120, domin ba tare da shi ba layin waya da asusun banki za su ba shi wahala. Mai babban jari kuma ya duba sarrafa kaya maimakon saye da sayarwa, don dokar ta sassauta wa masu masana'anta da masu fitar da kaya waje, kuma bankunan Najeriya irin su UBA, Zenith da Access suna da rassa a Adum. A 2025 ana maganar gyara dokar ta 2013, saboda haka a tambayi lauya halin da take ciki kafin a motsa kuɗi.

Na dawo ta hanyar da na bi, da huhun goro biyu. Goro ɗanyen amfanin gona ne, tsarin cinikin ECOWAS bai ɗora masa kuɗin fito ba, amma a lulluɓe shi da ganye mai laima, a riƙa buɗewa ana tsince wanda ya fara huhuwa, kuma kada a yarda a ɗora shi kusa da injin mota, domin zafin da ke tsakanin Aflao da Legas ya isa ya lalata rabin huhu.